Jitar da ta kusa kai galan ɗin zamzam nauyi: sharhi bayan wata takwas

Da sikelin da Kawuna yake auna jakunkunan alhazai na auna ta. Ɗan ƙaramin nan mai ƙugiya, wanda ake ɗaga jaka da shi a ga ko ta haura kilo 32 kafin a nufi filin jirgi. Na saƙala maratayin jitar a ƙugiya, na ɗaga, lamba ta tsaya a kan 4.6. Kawu yana kurɓar shayi ya leƙo ya ce, "Kai yaro, ashe galan ɗin zamzam kake ratayawa kana rausaya a gaban mutane." Bai yi ƙarya ba. Galan ɗin da alhazai ke tafiya da shi lita 5 ne, kilo 5 ke nan, ratar da ke tsakaninsu ba ta kai rabin kilo ba. Abin haushin, sai da na yi wata biyar da jitar kafin dabarar auna ta ta faɗo mini.

A nan Jidda na saye ta, ta hannu, riyal 950, a wurin wani ɗan Filifin da ya gama aikinsa zai koma gida. Jita ce mai aiki da lantarki, ƙirar da ake kira Les Paul, amma ba ta Gibson ba, wato kamfanin Amurka mai ainihin ƙirar, kwaikwayo ce daga wani kamfani na Asiya. Launinta ne ya fara cin kasuwata: ruwan zuma a tsakiya, ya yi duhu a gefe kamar sararin Bahar Maliya dab da magariba. A zaune na gwada ta, a kan cinya, cikin sanyin na'ura, minti goma sha biyar. Mai ita ya miƙo maratayi ya ce in tashi tsaye in ji. Na ce ba sai na tashi ba.

Bari in fara ba ta haƙƙinta. Muryarta tana da kauri da zaƙi. Maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya, wanda 'yan jita ke kira fikof, irin mai tagwayen naɗin waya ne, kuma amfaninsa shi ne kashe gurnanin lantarki. A istirahar da muke yawan kaɗa biki, wato gidan taron da ake haya, inda aka ja wayoyi barkatai kuma fitilu suka yi yawa, jita mai naɗi ɗaya takan yi ta ƙugi kamar ƙudan zuma ya shiga sifika. Wannan kuwa tsit. Tsawon tsirkiyarta inci 24.75 ne, na ƙirar kamfanin Fender kuma 25.5, don haka ta fi laushi a yatsa idan za ka ja tsirkiya ka sa ta kuka irin na 'yan Agadas. Matsalarta ƙarama ita ce tsirkiya ta uku tana yawan sauka daga saiti. Na goga bakin fensir a ramin da take wucewa ta wajen kai, abin ya ragu sosai.

Sauran magana duk ta nauyi ce.

Masu jita na Amurka da laba suke lissafi, laba ɗaya kuwa giram 454 ce. A bakin yawancinsu, abin da ya gaza laba 7, wajen kilo 3.2, marar nauyi ne. Laba 8, wato kilo 3.6, ita ce tsaka-tsaki, kuma a kewayen nan yawancin Stratocaster da Telecaster, jitocin kamfanin Fender, suke. Daga laba 9 an fara gunaguni. Idan aka kai 10, kilo 4.5, sai su laƙaba mata sunan ƙarfen nan da ake jefawa a teku don tsayar da jirgi. Tawa ta haura ma wannan. Sai dai ma'aunin yana bin ƙira: Stratocaster mai kilo 4 za a ce ta cika nauyi, Les Paul mai kilo 4 kuwa sai a taya ka murna, a ce ka dace.

Dalilin yana cikin katako. Tun fitowarta a 1952, Les Paul gangar jikinta kauri ne da ita, katakon mahogani, dangin maɗacin da muka sani a gida, sannan a ɗora wani katako mai tauri a samansa. Na shekarun 1970 sun yi suna wajen nauyi, akwai masu haura kilo 5. Daga shekarun 1980 Gibson ya fara huda ramuka tara a cikin mahoganin kafin a rufe da na sama, don a rage kaya, daga baya ma ya riƙa rarake wasu sosai. Tawa ba a yi mata wannan gata ba. Ƙwanƙwasa bayanta ka ji dim, kamar gindin turmi. Kuma katako ba ƙarfe ba ne: jita biyu masu suna ɗaya da launi ɗaya, daga masana'anta ɗaya, sai ka tarar da rabin kilo a tsakaninsu. Shi ya sa wasu manyan shagunan waje suke rubuta nauyin kowace guda daban.

Wanda zai kaɗa a ɗaki bayan la'asar, duk wannan lissafi bai dame shi ba. Mu namu daban ne. Da rana ina tuƙa motar kai kaya, ina hawa bene ina sauka. Bikin Jidda kuwa sunansa bayan isha'i, amma kiɗa ba ya kankama sai wajen sha ɗaya, a kai biyun dare ana abu ɗaya. Tun da aka kafa hukumar nishaɗi a 2016 al'amarin kiɗa ya saki jiki a ƙasar nan, kiranmu ma ya ƙaru, wani makon daren Alhamis da na Juma'a a jere. Awar farko ba na jin komai. Cikin ta biyu sai in ji kamar an ɗora mini garwashi tsakanin wuya da kafaɗar hagu. A ta uku na fara karkacewa gefe ba tare da na sani ba, ciwon ya gangaro tsatso. Ga zufa, don laimar Jidda a watan Agusta ko da dare ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Abokin kiɗana mai fiyano, Bahaushen Sudan ne ɗan Mai Wurno, shi ya fara lura. Ya ce duk waƙar da muka yi bayan ƙarfe ɗaya nakan rage gudu, in bar masa aikin. Na musa, ya kunna mini abin da ya naɗa a waya. Na yi shiru.

Washegari maiɗakina tana shafa mini man zafi ta ce, "Maigida, wai kai kake kaɗa jitar nan ko ita take kaɗa ka?"

Abin da ya fi taimakona maratayi ne. Wanda ta zo da shi na leda ne, faɗinsa santimita 5, yana yanka kafaɗa kamar igiyar guga. Na sayi na fata mai faɗin santimita 8 a Balad, tsohuwar kasuwar Jidda, wanda cikinsa ke da kaushi, na kai wa wani mai gyaran takalmi ya ɗinka masa soso. Nauyin bai ragu ba, ya dai bazu a kafaɗa, kuma kaushin yana hana shi zamewa a kan jallabiya. Na kuma ɗaga jitar sama ta dawo daidai cibiya, na bar kwalisar sauke ta zuwa cinya. Da waɗannan na sami ƙarin kamar minti arba'in kafin garwashin ya taso. Wata rana ma nauyin ya kwance ƙusar da maratayin ke kamawa, da ƙyar na tare ta da gwiwa. Tsinken ashana biyu da ɗan gam na cusa a ramin na mayar da ƙusar, har yau tana nan daram.

Na ɗauka da na sami marar nauyi shi ke nan. Sai na aro wata mai ƙirar SG, irin siririyar nan mai ƙaho biyu da aka fara yi a 1961. Sikelin Kawu ya ce 3.1. Kafaɗa ta huta, wuyan hannu ya karɓi aikin. Jikinta ba shi da nauyin da zai rinjayi wuyanta, da ka sake ta sai kai ya sunkuya ƙasa. Hannun hagu da ya kamata ya yi ta yawo a kan tsirkiya sai ya koma ɗan dako. A kan jallabiya mai santsi abin ya fi muni.

Wadda ta zauna mini daidai ita ce ƙirar Stratocaster ta wani ƙanena, kilo 3.5. Ta fi SG ɗin nauyi, amma a jiki sai ka rantse ta fi ta sauƙi. Ƙahonta na sama dogo ne, yana kaiwa wajen na 12 cikin ƙarafan da ke jere a jikin wuyan jitar, don haka inda maratayi ya kama ya raba nauyin daidai. An kuma fafe bayanta ta yadda za ta kwanta a haƙarƙari. Na yi biki guda da ita na tashi garau, sai dai ƙugin nan na sifika ya dawo, don fikof ɗinta mai naɗi ɗaya ne. Akwai kuma marasa kai, irin su Strandberg na Suwidin, masu wajen kilo 2.3. Kuɗinsu dubban riyal ne, kuma na tabbata idan na fito da ita a biki wata Hajiya za ta aiko a tambaye ni wa ya karya mini jita.

Masu kare nauyi suna cewa katako mai nauyi ya fi riƙe sauti, tsirkiya ta daɗe tana amo. A shekarun 1970 an yarda da wannan har ana ƙara wa jita tagulla. A ɗaki, ni kaɗai, ina jin tawa ta fi ta ƙanena jan numfashi, ban sani ba ko katakon ne ko fikof ɗin. A filin biki kuwa, ga ganga, ga fiyano, ga guɗa tana tsallakowa daga ɓangaren mata, babu mahalukin da ya taɓa zuwa ya ce mini yau amon jitarka ya yi tsawo.

Ga mai naɗar sauti a zaune, ko mai koyo da ba ya wuce rabin awa, wannan jita ta ci kuɗinta har da riba. Ga mai tsayuwar awa uku, ni dai iyakata yanzu kilo 3.8, kuma ba na sake biyan ko halala, wato kwabon Saudiyya, sai na rataya jita na yi tsaye, sikelin Kawu yana aljihu.

Makon jiya na sa tawa a kasuwa, na rubuta kilo 4.6 a layin farko don kada in ɗauki alhakin kafaɗar wani. Mutum uku sun kira. Biyu launin suka tambaya, ko a ido ma haka yake kamar na hoto. Na ukun yana zuwa gobe bayan magariba, na ce masa ya sa jallabiyar da yake zuwa biki da ita.