Gargaɗi ga masu tsofaffin moto a Tawa: ku kiyayi mai tallan "CDI mai shiga kowane moto"

Assalamu alaikum ƴan uwa. Wannan saƙo na masu tsofaffin moto ne, musamman iyayenmu da har yau suke riƙe da Yamaha 100, Suzuki A100, Honda CG125 ta farko, Peugeot 103 da Mobylette. Akwai wani mutum da ke talla a Facebook da WhatsApp, yana cewa a Yamai yake, wai yana da akwatin wuta na zamani, wato CDI, mai shiga kowane moto. A faɗarsa, da an ɗaura shi an rabu da bis-filatine, wato tsohon tsarin ba injin wuta, har abada, moto zai tashi da bugu ɗaya, ya ƙara gudu, ya rage shan mai da rabi. Ƙarya yake yi. Gyaran moto ne sana'ata a nan Tawa, kuma kayansa sun zo hannuna, na buɗe na gani da idona.

Yana fara turo bidiyon wani tsohon moto yana tashi ras. Sai ya ce a aika jika 15 kafin alƙalami, sauran jika 15 in ya sa kaya a mota. Sunan da za a aika wa kuɗin ba shi ne na Facebook ba, in an tambaya ya ce yaronsa ne. Wasu daga nan zancen ya ƙare, ya toshe lambarsu. Wasu kuma kwali ya iso musu tasha, ciki akwai CDI irin na moto ƴan China da ake sayarwa da arha a kowace kasuwa, an ɓare takardarsa an liƙa wata mai sheƙi. Wanda na tsaga ma, baƙin danƙo ne cike, wayoyin ba su haɗu da komai ba.

Canza wutar tsohon moto zuwa ta zamani abu ne da ake yi, kuma yana da amfani in an yi shi daidai. Amma a fahimci yadda abin yake. A tsohon tsari, bis-filatine ne ke buɗewa ya rufe a cikin bolan, wato ƙarfen nan mai juyawa a gefen injin, buɗewar nan ce ke sa bobin ya ba buji wuta, kondansater kuma yana hana bakin bis ɗin ƙonewa. CDI aikinsa daban ne. Yana tara wuta ta ɗaruruwan bolt a cikinsa, ya jira a gaya masa lokacin sakinta. Wa ke gaya masa? Wani ɗan kaftar da ke kusa da bolan, wanda ke jin wucewar ɗan tudun ƙarfe da aka yi a jikin bolan ɗin. Bolan na bis-filatine ba shi da wannan tudu, ba shi da kaftar. To akwati shi kaɗai me zai yi? Kayan gaskiya saiti suke zuwa, da faranti da bobin da kaftar, sau da yawa har da sabon bolan, kuma an rubuta sunan moton da aka yi su dominsa.

Shi kansa CDI iri 2 ne. Akwai mai cin wuta daga bobin na cikin bolan, akwai mai ci daga batir na bolt 12. Da yawa cikin tsofaffin moton nan bolt 6 gare su, Peugeot 103 ta da da Mobylette kuwa ba su ma da batir. Sannan injin mai haɗa mai da baƙin mai, kamar Yamaha 100, ba lokacin wutarsa ɗaya ba da na CG125. Na CG yana son wuta ta riƙa saurin zuwa in an ƙara gudu. In ka ba Yamaha irin wannan, zai yi zafi, ya riƙa ƙwanƙwasa, ƙarshe fistan ya huje. Ka tuna zafin watan Afrilu a hanyar Konni, ga injin da iska kaɗai ke sanyaya shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mataki na biyu. In ka kira ka ce kaya bai yi ba, sai ya ce mai gyaranka ne bai iya ba, zai turo maka nasa gwanin da ke kan hanyar Agadas. Wani dattijon unguwarmu haka aka yi masa. Yaron ya zo da ladabi, "Baba, wannan tsohon ƙarfen ai ya gama aiki, bari in raba ku da shi." Ya kwance bolan da farantin bobin na asali, ya ɗaura wasu tarkace, moto ya yi tari ya tashi na ɗan lokaci, ya karɓi kuɗin aiki, ya sa kayan Baba a jakarsa ya tafi. Da aka turo mini moton na ce, "Baba, ina bolan ɗinku?" Ya ce, "Ɗana, ya ce mini ba shi da amfani." Bolan ɗin Japan na asali fa! An daina ƙera irin waɗannan moto tuni, neman kayansu yanzu wahala ne ko a kasuwar Katako ta Yamai. Abin da suka zo ɗauka ke nan tun farko, don sun san masu nema a kan tsada. Ga shi ko ƙugun karanshaf sun lalata, saboda da guduma aka fitar da bolan ɗin maimakon abin zarewa.

Kuma yawancin moton da ake cewa wutarsu ta tsufa, ba ta tsufa ba. Ƙurar hunturu ce ta shiga, ko bakin bis ya yi tsatsa, ko kondansater ya gaji, ko hular buji ta tsage. A goge bis, a daidaita tazararsa tsakanin milimita 0.3 da 0.4, ta buji kuma gwargwadon irin moton, a sa sabon kondansater, sai ka ji moto ya dawo da muryarsa. Maganar rage mai da rabi kuwa, babu wutar da ke yin haka. Shan mai a karburatar da matatar iska da zoben fistan ake nemansa.

Wanda ya ƙudura sai ya canza, kada ya aika ko dala kafin kaya su zo hannu. In yana da ɗan uwa a Yamai, ya je shagon da ƙafarsa, don mutumin nan duk wanda ya nemi ganin shagonsa sai ya fara kame-kame. A tambayi mai kaya na wane moto ne, daga ina yake cin wuta, ina kaftar ɗin. A ɗaura a gaban mai gyaran da aka sani, kuma tsofaffin kaya su koma gida cikin leda, har dunƙulen kusa.

Waɗanda aka riga aka cuta, don Allah kada kunya ta sa ku yi shiru. Ku adana takardar aika kuɗi, lambar wayarsa, hirarku da muryoyin da ya turo, ku kai komisariya. Tun 2019 Nijar ke da dokar hukunta zamba ta intanet. Ku kuma karanta wa iyayenmu da ba sa shiga Facebook wannan saƙo, don ta wayar ƴaƴansu da jikokinsu tallan ke isa gare su.