Garin ORS a hannun 'yan dakon Legas: amfaninsa da inda yake gazawa

Duk wanda ya san kasuwar Mile 12 a watan Fabrairu da Maris ya san yadda rigar ɗan dako ke jiƙewa sharkaf tun kafin a gama sauke tirela ta farko. Zafin Legas ba irin na Kano ko Sakkwato ba ne. A Arewa iska busasshiya ce, gumi na fitowa yana bushewa, jiki ya samu sanyi. A nan kuwa iskar cike take da danshin teku, gumin sai dai ya yi ta tsiyaya, ruwa da gishirin jiki su tafi, sanyin bai samu ba. Shi ya sa muka ga ya dace a duba ƙullin garin ORS, wato garin gishiri da sukari da ake haɗawa da ruwa a sha, da ake sayarwa a kemis, wanda wasu masu dako da mahautan Oko-Oba a Agege ke sha a wurin aiki.

Abin da ke cikin ƙullin, bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2002, shi ne gishiri giram 2.6, sukarin gulukos giram 13.5, sinadarin fotashiyam giram 1.5, da sitiret giram 2.9. Jimilla giram 20.5, na lita ɗaya ta ruwa. Hikimar haɗin ita ce gulukos na jan gishiri ya ratsa bangon hanji, ruwa kuma ya bi bayansu. Asalinsa maganin ƙarewar ruwa ne ga mai gudawa, kuma a wannan fagen babu na biyunsa. Lokacin da kwalara ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024, shi ne abu na farko da aka riƙa bai wa marasa lafiya.

To ga mai aikin ƙarfi a rana fa? Nan ma yana da rana, kuma bincike na 'yan shekarun nan ya nuna dalili. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa ma'aikata biliyan 2.41 ne ke aiki cikin matsanancin zafi, kuma mutum miliyan 26.2 na fama da ciwon ƙoda mai alaƙa da zafin wurin aiki. A Nikaraguwa da El Salbado an ga masu saran rake, matasa majiya ƙarfi marasa ciwon suga ko hawan jini, ƙodarsu na lalacewa a hankali. Da aka tsara musu hutu, inuwa da ruwan sha mai sinadaran gishiri, raunin ƙodar ya ragu sosai. Aikin mai sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa bai yi nisa da nasu ba.

Idan aka gwada shi da abin da aka saba sha, ORS ya yi fintinkau. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Buffalo ta Amurka, aka wallafa a 2019, ya gano cewa shan lemon kwalba mai yawan sukari yayin aiki cikin zafi da bayansa yana ɗaga alamomin raunin ƙoda fiye da shan ruwa zalla. Lemon ƙara kuzari da samari ke kwankwaɗa shi ma sukari ne da sinadarin kafeyin mai hana barci, ba ya mayar da gishirin da ya zube. Mafi muni shi ne a haɗa da ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen a kan jikin da ruwa ya ƙare, domin suna rage jinin da ke isa ƙoda. Wannan ɗabi'a ta yi yawa a tsakanin 'yan'uwanmu, abin na ci mana tuwo a ƙwarya.

Babban aibin kayan yana wajen haɗawa, kuma masu yin sa na da nasu laifin, tunda bayanin da Turanci yake, rubutun kuma ƙanana. Ledar fiya wata rabin lita ce. Ƙullin lita ɗaya yana buƙatar leda biyu cif. Wanda ya juye shi a leda ɗaya ya ninka gishirin, zai ƙara masa ƙishirwa, ga ƙaramin yaro kuma haɗari ne na gaske. Robar ruwa da aka fi gani a titi ta santilita 75 ce, ba ta kai ba. Babbar kuma lita ɗaya da rabi ce, ta wuce. A samu roba mai tsabta, a juye leda biyu, a yi alama da biro a inda ruwan ya tsaya, shi ke nan an samu ma'auni na kullum. Kada a raba garin biyu da ido, domin gishiri da sukarin ba lallai su rabu daidai ba. Kada a ƙara sukari, kada a zuba shi cikin lemo ko kunu. Kuma a karanta jikin ƙullin, saboda ba duka ne na lita ɗaya ba.

Wanda aka haɗa, in ya kai awa 24, a zubar. A wanke hannu da sabulu kafin haɗawa, musamman mahauci da ya taɓa jini da kayan ciki. Ledar ruwan da ta kwana cikin narkakkiyar ƙanƙarar kula, hannun kowa na shiga, a ɗauraye bayanta kafin a huda.

Danshin Legas yana yi wa garin illa. Mai kyau fari ne, yana motsi in aka girgiza. In aka ji ya dunƙule kamar dutse, ko ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, a mayar wa mai kemis. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Ɗanɗanonsa gishiri-gishiri ne, mai ƙamshin lemo ya fi sauƙin sha, da sanyi kuma ya fi shiga. Ƙwayar zinc da ke zuwa tare da wasu fakiti ta yara masu gudawa ce, ba ruwanta da zafi.

ORS ba zai maye gurbin ruwa ba. Ƙa'idar da hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka ta bayar ita ce kofi ɗaya na ruwa, wato kusan rabin ledar fiya wata, duk minti 15 zuwa 20, kada ya wuce kofi shida a awa. A ganinmu lita ɗaya ta ORS, a sha da kaɗan-kaɗan a ranar da aka yi awanni ana zuba gumi, ta wadatar wa lafiyayye mai cin abinci. Fitsari ne ma'auni: in ya yi duhu kamar shayin da ba madara, ruwan bai isa ba. Mai hawan jini, ciwon ƙoda ko na zuciya ya fara tambayar likita, saboda gishiri da fotashiyam ɗin.

Akwai kuma inda ba ya aiki sam. Mutumin da ya fara sambatu, yana tangaɗi, ko ya yanke jiki ya faɗi, jikinsa rau da zafi, ya wuce maganar ƙulli. Kada a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa. A kai shi inuwa, a cire masa riga, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita, a sa ƙanƙara a wuya, hammata da matsematsi, wani kuma ya kira lambar gaggawa 112 ko 767 tun ana cikin sanyaya shi.