Sarƙar Matilda da rigar Akaki: wanne za ki fara karantawa?

'Yar'uwa, kin tambaya wanne ya kamata ki fara da shi tsakanin labarin sarƙar wuya na Guy de Maupassant da na rigar sanyi na Nikolai Gogol, da kuma abin da sarƙar da rigar suke nufi, tunda duk wanda kika tambaya da irin fassarar da yake ba ki. Shawarata ki fara da na sarƙar, ya fi gajarta kuma hanyarsa a miƙe take.

Duka biyun labarin gidan ƙaramin akawun gwamnati ne, kuma a kowanne akwai abin sawa guda da aka more shi rana ɗaya tak, ya salwanta a hanyar dawowa daga liyafa.

Na Maupassant ya fito a jaridar Le Gaulois a 1884. Matilda, matar wani akawu a ma'aikatar ilimi a Faris, ta ari sarƙar daiman wurin ƙawarta mai hali, Madam Forestier, ta je liyafar minista, sarƙa ta ɓace. Ita da mijinta suka sayi irinta a kan faran 36,000, kuɗin Faransa na lokacin: rabi gadon da mahaifin mijin ya bar masa, sauran bashi da ruwa. Shekara 10 suna biya, ita tana wanki da wanke-wanke har ta tsofe. Sai daga baya ƙawar ta gaya mata sarƙar ta jabu ce, ba ta wuce faran 500 ba.

Masu karatu da yawa a nan suke tsayawa, su ce zanen aro ba ya rufe katara, kwaɗayi ne ya kai ta. Ni ban gamsu da wannan ba. Matar da ta yi shekara 10 tana biyan bashi ba ta gudu ba, ai ba kwaɗayi kaɗai ke cikinta ba. Abin da ya cinye ta shi ne ta kasa buɗa baki ta ce wa mai kuɗi "na yar da kayanki". Kuma ko sau ɗaya bai faɗo mata a rai ba cewa mai arziki za ta iya saka jabu. Ki lura da inda suka je shagon da sunansa ke jikin akwatin sarƙar, mai shagon ya ce shi akwati kawai ya sayar. An nuna musu gaskiya ƙiri-ƙiri, girman da suke ba masu kuɗi ya rufe musu ido. Da kin kai layin ƙarshe, sarƙar ta zama abu ɗaya a sarari: ƙyalƙyalin manya wanda talaka ke saye da rayuwarsa.

Rigar Gogol ba ta yarda a kama ta haka. Labarin ya fito a 1842. Akaki mai kwafar takardu ne a wani ofis a Petersburg ta Rasha, albashinsa rubul 400 a shekara, abokan aiki suna tsokanarsa, shi kuwa ba abin da yake so a duniya kamar rubutunsa. Tsohuwar rigarsa ta mutu, tela Petrovich ya ce ba ta faciwa. Don ya haɗa rubul 80 na sabuwa ya daina shan shayin dare, ya daina kunna kyandir, yana tafiya a hankali kada takalmi ya cinye. Marubucin ya ce a wannan lokacin Akaki ji yake kamar ya yi aure, kamar ya samu abokiyar zama. Wannan wurin ne ya fi taɓa ni a labarin gaba ɗaya.

To mece ce rigar? Kariya ce daga sanyin da ke kisa, wannan ba alama ba ce, gaskiya ce tsagwaronta. Mutunci ce, don ranar da ya saka ta ne aka fara gayyatar sa liyafa. Za ki iya cewa jarrabawa ce, don kafin ta zo zuciyarsa a kwance take, ita ta koya masa buri. Duk ukun suna da hujja a cikin labarin, kuma babu wadda ta kori sauran. Bayan ɓarayi sun ƙwace ta, ya kai kuka wurin wani babban mutum da ba a ko ambaci sunansa ba, mutumin ya daka masa tsawa, zazzaɓi ya kama Akaki ya mutu. Sai aka ce fatalwarsa na tuɓe wa mutane riguna kusa da gadar Kalinkin, har ta kai kan babban mutumin.

Idan kin zo shafin ƙarshe ki rage gudu. Fatalwar da wani ɗan sanda ya gani a can ta fi Akaki tsawo, tana da ƙaton gashin baki da ƙaton dunƙulen hannu, kamannin ɓarayin da suka ƙwace rigar tun farko. Ko mamaci ne ya dawo ramuwa, ko ɓarayi ne suke aikinsu gari ya ɗora wa mamaci, Gogol bai raba gardamar ba. Ni na fi karkata ga ɓarayin, amma ina so in ji yadda ke za ki gani.