Fedal na saita jita: shekara biyu ina taka Boss TU-3

A wani biki a Tudun Wada, nan Kaduna, cikin tsakiyar hunturu, na gane cewa ɗan tiyunan da nake maƙalawa a kan jitata, wato na'urar da ke nuna ko tsirkiya ta saitu, ba zai kai ni ko'ina ba. Mun gama waƙa ta biyu sai na ji tsirkiya ta uku, wadda ake kira G, ta sauka. Ba abin mamaki ba ne. Jitar ta kwana cikin sanyi, ta sha rana a bayan mota, ga iska busasshiya, dole katako da tsirkiya su motsa. Na juya gefe don in gyara, amma mai kalangu yana dama da ni, mai bes yana bayana, lasifika kuma tana girgiza dandamalin da muke tsaye a kai. Shi irin wannan tiyuna girgizar katakon jita yake ji, don haka duk abin da ya girgiza ta sai ya ɗauka ni ne. Allurar ta yi ta kai da komo, ta ƙi tsayawa. Ƙarshe da kunne na saita, sauti a buɗe, 'yan biki duka suna jin tsirkiyar tana kuka tana hawa.

Da muka sauka, shugaban ƙungiyarmu, dattijo ne da ya fi shekara talatin yana wannan sana'a, ya ja ni gefe. Ya ce, "Ɗana, mutanen nan kiɗa suka zo ji. Gyaran kaya a ɓoye ake yin sa." Na ce, "Gaskiya ne, Baba." Maganar ta zauna mini.

Sai na koma neman tiyuna irin na fedal, wanda ake ajiyewa a ƙasa ana takawa da ƙafa, na fara da wani mai araha wanda ba zan kira sunansa ba. A ɗaki lafiya lau yake aiki. Ranar farko da muka yi wasa a fili da azahar, na duba ƙasa ban ga komai ba, rana ta shanye hasken allonsa, sai da na durƙusa na kāre shi da tafin hannu. Kuma duk lokacin da na taka shi sai lasifika ta yi "ƙas". Wata huɗu ƙura ta gama da makunninsa. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, na kuwa gani da idona.

Daga nan na tara kuɗi na aika wani abokina da ke zuwa kasuwar Alaba a Legas ya samo mini Boss TU-3 na hannu. Kamfanin Boss reshe ne na Roland, na ƙasar Japan, kuma wannan shi ne magajin TU-2 da suka fitar a 1998, wanda har yau za ka gan shi a kan allon fedal na makaɗa da yawa. Fari ne, jikinsa ƙarfe, nauyinsa wajen giram 390. Nawa ya zo da ƙujewa a gefe ɗaya, alamar ya riga ya sha yawo, amma komai nasa yana aiki.

Abin da ya fi komai amfani a gare ni shi ne shiru. Ina taka shi, sautin jitata ya yanke daga lasifika gaba ɗaya, ba ƙara, ba "ƙas". Siginar da ke bi ta waya yake karantawa, saboda haka mai kalangu ya buga yadda ya ga dama, ba ruwan allura da shi. Tsakanin waƙa da waƙa, yayin da mawaƙi ke gaida dangin amarya, nakan taka, in bi tsirkiyoyi shida, in sake takawa, ba wanda ya san na yi wani abu. Haka nake yi idan zan canja jita ko in zare waya, ko lokacin da aka tsayar da kiɗa don a yi addu'a: in taka shi, jita ta yi tsit, ko da hannuna ya goge tsirkiya. Wanda bai taɓa tsayawa gaban jama'a ba zai ɗauka wannan ƙaramin abu ne. A wurina rabin kuɗin na'urar ke nan.

Sai allon da ke fuskarsa. Fitilu ƙanana 21 ne a jere kamar baka, na tsakiya kore, na gefe ja, ga harafin sautin a ƙasa da girma yadda daga tsaye kana karanta shi. Idan tsirkiya ta zauna daidai, fitilun sukan taho daga gefe biyu su haɗu a tsakiya, ko da gefen ido ne za ka gane. Akwai yanayin ƙarin haske da aka yi musamman don wasan fili: ka danna maɓalli ka riƙe, hasken ya ƙaru. Na gwada shi a Zariya a wani taron sallah, ƙarfe biyu na rana, rumfar ba ta kai inda nake tsaye ba. Na duba ƙasa na ga jan da koren sarai, ban sunkuya ba. Ranar na ji daɗin kuɗina.

Masu sayar da kaya sukan fi yawan magana a kan daidaito. Ana auna shi da abin da ake kira sent, wato kashi ɗaya cikin ɗari na tazarar da ke tsakanin gaɓa ɗaya da ta kusa da ita a wuyan jita. TU-3 yana kai ka cikin sent 1. Peterson StroboStomp HD na Amurka yana kai 0.1, wato ya ninka shi sau goma. Idan kai mai gyaran jita ne, kana daidaita gada, wato inda tsirkiyoyi ke zaune a jikin jita, kana gwada gaɓa ta 12, ko aikinka a situdiyo yake, Peterson ya cancanci kuɗinsa. Amma a dandalin biki, matsa yatsa da ɗan ƙarfi kaɗai yana ɗaga sauti fiye da sent 1. Ni dai ban taɓa samun wanda ya ce mini jitata ta kauce ba bayan na saita da TU-3.

Na kuma riƙe PolyTune 3 na wani abokin sana'a tsawon mako guda. Kamfanin TC Electronic na Denmak ne ya kawo wannan dabara a 2010: ka shafa tsirkiyoyi shida lokaci ɗaya, ya nuna maka wacce ta hau, wacce ta sauka. Abin yana da daɗi, musamman idan dakika biyar kawai kake da ita. Kuma akwai ƙaraminsa da ba ya cin wuri a allo. Na zauna a kan nawa ne don ƙafata ta saba da faffaɗan matakinsa, ko cikin duhu ba na kuskure shi, ko da sanye nake da babbar riga tana rufe mini ƙasa.

Akwai wani amfani da ban san da shi ba sai da na fara aiki da shi. A cikinsa akwai abin da suke kira bafa, wanda ke ƙarfafa siginar jita ko da fedal ɗin a kashe yake. Mu nan wayoyinmu dogaye ne, wani lokaci amfilifaya tana can nesa kusa da inji. Doguwar waya tana cinye kaifin sauti, jita ta koma kamar an lulluɓe ta da bargo. Da na sa TU-3 a farkon layi, jita ta shiga cikinsa kafin sauran fedaloli, sai kaifin ya dawo. Wasu makaɗa ba sa son bafa, sun fi son sigina ta wuce kai tsaye, musamman masu tsofaffin fedalolin faz, masu sa sauti ya yi kaushi, da ke son jita ta shiga musu ba shamaki. A TU-3 na yau da kullum ba a kashe bafa. Mai son zaɓi sai ya nemi TU-3W, baƙin, ko PolyTune 3, dukansu suna da makunnin canjawa.

Mawaƙinmu muryarsa ta fi sakewa idan muka sauke jita da rabin mataki, kuma na'urar tana da saitin hakan har rabin mataki sau shida. Abin da zan ja kunne a kai shi ne ma'aunin A, wato lambar sautin A da na'urar ke gina duk saitinta a kai. Ana iya matsar da shi daga 436 zuwa 445, alhali mai fiyano yana kan 440. Idan yaro ya yi wasa da maɓallan, za ka saita tsaf amma ku ƙi haɗuwa da fiyano. Shi ya sa nake duba lambar kafin kowane wasa.

Yana da girma, wannan gaskiya ne. A ƙaramin allona ya ci wurin fedal guda cur. Yana kuma cin batir, balle in ka kunna ƙarin haske, kuma muddin waya tana cikin ramin shiga, batir yana tafiya ko ba ka kiɗa. Ka nemi adafta mai kyau ta bolt 9, irin wadda tsakiyarta negatib ce, kada ka ɗauko ta rediyo ko ta wata na'ura don bakinta ya shiga. Da adafta kuma yana iya raba wa sauran fedaloli wuta ta raminsa na biyu. Ni duk da haka ina barin sabon batir a ciki saboda ranar da wuta za ta ba mu matsala.

Idan na hannu za ka saya, ka tafi da jitarka da wayarka. Ka taka shi sau ashirin kana saurare, ka girgiza wayar a ramukansa ka ji ko sauti yana yankewa, ka buɗe murfin batir ka duba ko ruwan batir ya ci wurin. Sannan ka fita da shi ƙofar shago, cikin rana, ka duba allon daga tsaye. Nawa duk bayan wasa nakan goge shi da busasshen tsumma, in bi gefen matakin da tsohon buroshin haƙori, in sa shi a jaka kafin a fara kwashe lasifika.