Steam Client WebHelper: kashe shi daga waje ko rage masa aiki daga ciki?

Ɗan'uwa, ka ce kwamfutarka mai RAM gigabait 8 tana ci gaba da zafi, fanka na ta kuka ko bayan ka rufe wasa, kuma duk lokacin da ka buɗe Task Manager sai ka tarar da Steam Client WebHelper ya jeru a wurare da yawa yana cin furosesa da RAM. Abin da kake son sani shi ne wanne ya fi: ka riƙa kashe shi daga Task Manager kamar yadda wasu suka ba ka shawara, ko kuwa ka shiga saitin Steam ka gyara.

Sai an san mene ne shi kafin a auna hanyoyin biyu. Kamfanin Valve ya gina fuskar Steam, manhajarsa ta sayen wasannin kwamfuta da buga su, a kan Chromium, wato injin da burauzar Chrome take tafiya a kansa, saboda haka shagon sayen wasanni, da jerin wasanninka, da jerin abokai, da allon da ke fitowa cikin wasa idan ka danna Shift da Tab, duk shafukan intanet ne, kuma WebHelper ne yake zana su. Chromium yana rarraba aikinsa kashi-kashi, shi ya sa kake ganin suna ɗaya ya maimaitu. Tun babban sabuntawar watan Yunin 2023 kusan dukkan fuskar Steam ta koma kansa, kuma wannan dogaro ne ya sa Steam ya daina tallafa wa Windows 7 da 8 daga 1 ga Janairun 2024.

Hanya ta farko tana da sauri, kuma tana da ranarta. Idan wani ɓangare ya maƙale, misali a kan shafin shago mai bidiyo, ya riƙe furosesa ya ƙi saki, danna End task yakan warware matsalar nan take. Sai dai cikin 'yan daƙiƙoƙi Steam zai sake tayar da shi, domin ba zai iya nuna maka komai ba sai da shi. Kamar ka kori yaron shago ne alhali maigidansa yana zaune, zai sake kiransa. Tayarwar ma kanta tana cin furosesa. Masu cewa a goge fayil ɗin ko a canza masa suna ba su taimake ka ba, domin ko dai Steam ya sake sauko da shi da datarka, ko ya ƙi buɗewa, kuma tsohuwar dabarar kunna Steam ba tare da burauza ba an cire ta tun 2023. Efficiency mode, wani zaɓi da ke cikin Task Manager na Windows 11, yana sassauta masa cin furosesa, amma ba ya rage RAM, kuma da zarar ɓangaren ya sake tashi sai an sake saka shi.

Hanya ta biyu tana ɗaukar mintuna kaɗan, amma abin da ka gyara yana zama. A cikin Settings na Steam, ƙarƙashin Library, ka kunna Low Performance Mode da Low Bandwidth Mode: na farko yana rage ƙawar allo da motsinta, na biyu yana hana Steam ɗebo hotuna da labaran 'yan wasa ba tare da ka nema ba, wanda kuma sauƙi ne ga mai sayen data da kuɗinsa. A saitin abokai ka kashe hotuna masu motsi, domin ƙananan hotunan nan da ke juyawa a jerin abokai suna sa furosesa aiki ba dare ba rana muddin jerin yana buɗe. Ƙarƙashin In Game ka kashe Steam Overlay, wato allon nan na Shift da Tab, idan ba ka amfani da shi, tare da sanin cewa wasu wasannin suna buƙatarsa wajen gayyatar aboki ko sayen kaya a ciki. A nan ne kuma za ka ga Delete web browser data, wanda yake share tarkacen da burauzar ta tara.

Akwai saiti guda da nake roƙonka kada ka bi maganar kowa a kansa sai ka gwada da kanka, shi ne GPU accelerated rendering da ke ƙarƙashin Interface. Mutane da yawa suna cewa a kashe shi kawai. Amma kashe shi yana nufin an ɗauke aikin zane daga katin hoto an ɗora wa furosesa, wanda shi ne kake ƙoƙarin sauke wa kaya. Yana da amfani ne idan direban katin hoton ya tsufa ko yana rikici. Ka sauya shi, ka sake kunna Steam, ka duba Task Manager na 'yan mintuna, sannan ka mayar ka kwatanta.

A ganina hanya ta biyu ta fi nesa ba kusa ba wajen furosesa, domin idan taga tana rufe kuma an rage motsi, cin nasa yakan sauka kusan zuwa sifili. Wajen RAM kuwa duka biyun ba su kai inda kake so ba, tunda WebHelper zai ci gaba da riƙe ɗaruruwan megabait muddin Steam yana kunne. Nan ne mutane suke ruɗewa: alamar X ba ta rufe Steam, ɓoye shi take yi kusa da agogo. Idan ka gama wasa, ka danna Steam a saman hagu ka zaɓi Exit, sannan ka kashe Run Steam when my computer starts don kada ya tashi tare da Windows.

Idan bayan wannan duka cin furosesar bai sauka ba, ka danna dama a kan sunan cikin Task Manager ka zaɓi Open file location. Na gaskiya yana cikin foldar Steam, ƙarƙashin foldar da ake kira bin, sannan foldar cef. Idan ya kai ka wani wuri dabam, wata muguwar manhaja ce ta ari sunan, sai ka bincike kwamfutar da Windows Security. Idan kuma wurin daidai ne amma RAM yana cika duk lokacin wasa, gigabait 8 ɗin ne suka yi kaɗan, kuma ƙara su zuwa 16 zai fi kowane saiti tasiri, in dai kwamfutar tana karɓar ƙari.