Yawon tsibiran Ada: kuɗin kallon kifi muka biya, masu nutso muka kallo

Duk wadda ta ga tallan nan da ke yawo a WhatsApp na yawon yini guda zuwa tsibiran Ada Foah a Ghana, mai hoton wata Baturiya kwance a kan ruwa shuɗi garau, kifaye ja da rawaya suna zagaye ta, to ta sa a ranta ba a kogin Volta aka ɗauki hoton nan ba. Na je da ƙafata, na tsoma kaina cikin ruwan, ba labarin wani nake ba ku ba.

Mu 'yan adashinmu na unguwar Nima a Akra muka haɗa tafiyar, Asabar ɗin da ta biyo bayan Babbar Sallah. Ba zan kama sunan kamfanin ba, masu bin irin waɗannan shafuka sun san su, kuɗin ma kun gan shi a jikin tallan. Tun da wuri muka tura ta MoMo, wato biyan kuɗi ta waya, babu wadda ta rage ko sidi ɗaya. Aka ce akwai mota, akwai jirgi, akwai ɗan jagora, da abincin rana, da tsibirai uku, sannan ga abin da suka rubuta da manyan baƙaƙe: za a ba kowa tabarau da bututun numfashi ya leƙa ƙarƙashin ruwa ya ga kifi. Saboda wannan na ƙarshen na biya wa ɗan yayana kujera. Shekararsa 12, ba shi da aiki sai kallon bidiyon halittun teku a wayata, kuma tun da na gaya masa bai bar kunnena ya huta ba.

Hanya ba ni da ta cewa. Motar da sanyi, direban ba ya gudun banza. Mun sha cunkoson Dawhenya yadda aka saba, muka wuce Sege, muka karya dama a Kasseh, muka tsaya sayen kankana a bakin titi. Tafiyar wajen kilomita 100 ce daga Akra, amma sai kusan ƙarfe 11 muka ga ruwa. Jirgin ma ba laifi, dogon kwalekwale ne mai rumfa da inji a baya, rigunan ruwa sun ishi kowa, ko da yake wasu maɗaurinsu ya mutu sai dai ka ƙulle da hannu.

Bayan ƙarfe 1 aka tsayar da mu a gefen wani tudun yashi, ɗan jagoran ya tafa hannu ya ce lokacin da ake jira ya yi. Saurayi ne ɗan unguwar Madina ta Akra, Hausa a bakinsa rangaɗaɗau, ga iya zance. Ya jawo wani buhun shinkafa daga ƙarƙashin benci ya zazzage. Tabarau 5 ne suka faɗo, mu kuwa mu 16 ne. Biyu igiyarsu ta tsinke an ɗaure da robar taya, ɗaya gilashinsa ya dushe har ba ka ganin tafin hannunka ta ciki tun a tudu. Bututun da ake cizawa a baki guda 3 ne, duk da shatin haƙoran waɗanda suka riga mu.

Magajiyarmu ta ɗauki ɗaya da yatsu biyu ta juya shi, ta ce, "Ɗana, wannan abin da kowa ke sawa a baki, da me kake wanke shi?"

Ya karɓa ya tsoma a kogi ya karkaɗe ya miƙo mata. "Hajiya, ai ruwa mai gudu ba ya ɗaukar najasa."

Ta ce, "Ni ba fatawa na tambaye ka ba, sabulu na tambaye ka."

Sabulu dai babu. Allah ya sa wata a cikinmu nas ce, tana yawo da ruwan tsabtace hannu a jaka, da shi da ledar ruwan sha muka wanke abin da zai wanku. Ita ce ma ta ta da maganar da ya kamata a ce ɗan jagoran ya fara yi mana tun a mota, wato tsargiya. Ƙauyukan bakin Volta sun daɗe suna fama da ita, tun da aka gina madatsar Akosombo a 1965 ruwa ya rage ƙarfi a ƙasa, ciyawa ta yaɗu, dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar cutar ya sami wurin zama. Ba sai ka sha ruwan ba, ta fata take shiga. Inda ya tsayar da mu kuwa ga ciyawar nan shimfiɗe a gefe. Da ta yi magana sai ya ce shi kullum yana kawo mutane babu wanda ya taɓa dawo masa da ƙara. To wa zai dawo maka, cutar da sai bayan makonni take nuna kanta? Matuƙin jirgin, wani dattijo da tun safe bai ce uffan ba, shi ya ta da inji ya gangara da mu kusa da bakin teku inda ruwan ke da gishiri, don dodon koɗin ba ya rayuwa a ruwan gishiri.

A nan muka shiga. Wurin canza kaya babu, zannuwa muka riƙe wa juna. Na sa dogon wando da riga mai dogon hannu, na ɗaure kallabi tamau, na taka har ruwa ya kawo min ƙirji, na cije bututu na dulmiya fuska. Jama'a, kamar ruwan da aka wanke gero. Damina ce, ga teku tana janyewa kogi na turo ruwansa, ga samari masu baburan ruwa suna ta kai da komo suna ta da yashi. Abin da na gani da idona: yashi, tsinken ciyawa, da baƙar leda guda tana lilo. Na ɗago na sake komawa ko idona ne, haka dai.

Ni ban damu da kaina ba. Yaron nan ne. Ya fi kowa daɗewa, yana nutsa kai yana ɗagowa, yana matsawa gaba yana sake gwadawa, har leɓensa ya fara rawa don sanyi. Da ya fito bai yi kuka ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Ya miƙa tabarau ya ce, "Gwaggo, yatsuna kawai na gani." Ɗan jagoran yana ji, ya ce wai kifin da sassafe suke fitowa, mu ne muka makara. Mu da motarsu ce ta ɗauko mu! A Ada ƙasan ruwa yashi ne da laka, babu duwatsun murjanin da irin waɗancan kifaye masu launi ke zama a ciki. Karfasa ce da tarwaɗa da ƙaguwa, su kuma ba sa tsayawa a yi musu kallo. Ko da asuba muka zo abin da za mu tarar ke nan, kuma na tabbata ya sani.

Raina ya gama ɓaci, na koma jirgi na zauna ina lissafin kuɗin da na zubar. Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Dattijon nan matuƙi ya dubi yaron, ya yi magana da yaren Ewe, wata 'yar'uwarmu mai sayar da atamfa a Ashaiman ta fassara mana: wai in yaron yana son ganin abin da ke ƙarƙashin kogin nan da gaske, a bar shi ya kai mu wurin masu nutson adodi. Bai jira amsar ɗan jagora ba, ya juya kan jirgi muka hau sama wajen Big Ada.

Duk mai bin hanyar Aflao ya san adodi, naman ruwan nan mai ɓawo biyu da ake soyawa a soke a tsinke, mata na bin motoci da shi a Sogakope. Na sha ci, mu mabiya Malikiyya ba mu da matsala da abin da ya fito daga ruwa, amma ban taɓa ganin yadda ake ciro shi ba sai ranar. Kwalekwale ne birjik a tsakiyar kogi, kowanne an ɗaure shi wuri guda. A cikin kowanne akwai ƙaramin injin hura iska yana ta ƙugi, an jona masa doguwar tiyo ta gangara cikin ruwa. Mutum yana can ƙasa, ƙarshen tiyon a bakinsa, da ita yake numfashi yana tona yashi da hannu yana cika ragar da ke tare da shi. Daga sama ba ka ganin komai sai kumfa tana tasowa. Abokin aikinsa na zaune yana lura da inji da igiya, in an girgiza ya jawo ragar, ya juye, ya mayar. Muka tsaya muna kallon kumfar mutum guda har na fara salati, ina cewa wannan bawan Allah lafiya kuwa. Can sai ga shi ya ɓullo, ya tofar da tiyo yana dariya, idanu jajur. Nas ɗinmu sai girgiza kai take yi, ta ce iskar da ke fitowa daga injin da ke shan fetur, kusa da hayaƙinsa, ba abin da huhu zai daɗe yana ɗauka ba ne. Da wannan ake ciyar da gidaje.

Dattijon ya yi ta ba mu bayani ana fassarawa. Ƙananan da aka ciro ba a cinye su, ana kai su wani sashe na kogin da mutum ya yi wa alama a zuba su girma, gona sosai amma a ƙarƙashin ruwa. Daga wajen ƙarshen Disamba zuwa Maris ana dakatar da nutson gaba ɗaya. Ɓawon ma kuɗi ne, ga tsibinsa nan fari fat a bakin gaɓa, ana saye a niƙa a abincin kaji, ana ƙona shi a yi farar ƙasa ta shafe bango. Ya nuna mana wasu gidaje a tsibiri da har yanzu akwai shatin ruwa a bangonsu, daga ambaliyar 2023 lokacin da aka saki ruwan Akosombo. Sannan ya dawo da mu ƙasa wani wuri marar zurfi, ya sauka da kansa ya riƙe hannun yaron, ya koya masa yadda ake murza ƙafa cikin yashi har ka ji abu mai tauri. Da yaron ya nutsa ya fito da adodi guda a hannunsa, ihun da ya yi har masu kwalekwalen nesa sai da suka waiwayo.

Wallahi a wannan lokacin na yafe. Na ce a raina kuɗina bai tafi a banza ba, har na fara tsara yabon da zan rubuta.

Ba mu kai gaɓa ba ɗan jagoran ya miƙe ya ce kowa zai ƙara sidi 40, wai wurin masu nutso ba ya cikin tsari, an ƙona mai. 'Yar'uwarmu ta juya ta tambayi dattijon da yarensu, ya ce shi bai nemi ko kwabo ba. Nan fa komai ya dawo min sabo. Na tuna tsibirin farko da ya kai mu da safe, wurin da ake matse rake ana dafa giyar akpeteshie, yana zagayawa da ƙaramin kofi wai a ɗanɗana. Mata 'yan Zango, cikinmu har da waɗanda suka sauke farali, kwanaki kaɗan bayan Sallah, shi kuma ɗan Madina da ya san ko mu su waye. Kusan awa guda muka ɓata a wurin muna tsaye a rana, warin tsami na dukan hanci, shi yana can ciki da masu wurin. Awar nan da an kai mu ruwa da ita kafin teku ta janye, ko ba kifi ai da mun ga ƙasa.

Na tuna abincin. An ce banku da gasasshiyar karfasa, aka miƙo mana dafa-duka a roba, ta huce tun Akra, da cinyar kaza da babu wanda ya iya gaya mana wa ya yanka. Yawancinmu kankana muka ci. Na tuna sallar Azahar da sai da Magajiya ta ɗaga murya kafin a tsaya, muka shimfiɗa mayafai a kan yashi. Tsibiri na uku kuwa har yau ba mu gan shi ba. Da muka tambaya sai ya nuna tudun yashin da muka tsaya, wai shi ne. A hanyar komawa ya nuna mana ragowar ganuwar Kongenstein ta tagar mota, ya ce Turawan Ingila ne suka gina. Turawan Denmak ne, a 1783, Ingila saye ta yi daga hannunsu a 1850, kuma teku ta riga ta cinye mafi yawanta. Wanda ake biya don ya yi bayani ke nan.

Sidi 40 dai ba mu ba shi ba. Mun haɗa abin da ya sawwaƙa muka danƙa wa dattijon a hannunsa, a gaban ɗan jagoran.

Ada kanta tana da kyau, kada a ce na ɓata gari. Inda kogi ya haɗu da teku, ga itatuwan kwakwa, ga ruwa kala biyu gefe da gefe, ya isa a yi tafiya dominsa. Amma wurin da igiyar ruwa mai ja, ko dattijon bai yarda ya matsa can sosai ba duk da 'yan matanmu na roƙo don hoto. In za ku je, ku hau mota daga tashar Tudu ko ta Ashaiman da kanku, ku yi ciniki da masu jirgi a bakin ruwa, ku tambayi lokacin da teku ke cikowa, ku ce a kai ku wurin masu adodi. Ku tafi da abincinku. Mai son tsoma fuska ya sayi tabarau nasa.

Tauraro biyu na ba su cikin biyar, kuma duka biyun na matuƙin ne, wanda ko ma'aikacinsu ba ne, hayarsa suka yi. Mun rubuta musu a mayar mana da kuɗin leƙen ruwa da na abinci. Sun buɗe saƙon, alamar ta yi shuɗi, shiru kake ji. Magajiya ta ce ranar zubin adashi mai zuwa, in an tashi, ita da nas za su je ofishin da kansu, kuma ta ce a turo mata hoton buhun shinkafar nan.