Vivaldi da Dvořák: faifai uku, Karajan a biyu daga ciki

Faifai uku nake so in yi magana a kansu, biyu na Vivaldi ɗaya na Dvořák, tsofaffin marubuta kiɗan Turai, kuma abin da ya sa na haɗa su wuri ɗaya shi ne Herbert von Karajan, madugun makaɗan nan ɗan Ostiriya da ya riƙe babbar okestirar Berlin, wato ƙungiyar makaɗanta, tun tsakiyar shekarun 1950 har 1989 shekarar da ya rasu. Hannunsa na cikin biyu daga faifan nan. A ɗaya gaskiya ya danne kiɗan, a ɗayan kuma ban san wanda ya kamo ƙafarsa ba.

Bari in fara da Vivaldi. Kiɗan shi ne Le quattro stagioni, wato lokuta huɗu na shekara, konceto huɗu da aka buga a Amsterdam a 1725, kowanne biyolin ɗaya ne, gogen Turawa kenan, yake jan gaba sauran suna amsa masa. Ko ba ka san sunan ba ka taɓa jin farkonsa, a talla ko lokacin da ka kira wani kamfani aka ce ka jira. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne kowane konceto yana da baitocin waƙa da suka zo tare da shi, kuma an rubuta a jikin takardar kiɗan abin da ke faruwa, nan tsuntsaye ne, nan makiyayi ne ya yi barci karensa na haushi, nan ƙudaje ne suka hana mutum sakat a lokacin zafi, nan mashaya ne suka bugu da kaka, nan kuma haƙora ne ke karo da juna saboda sanyin hunturu. To ni ma'aunina kenan, idan na saka faifai ina so in ji karen nan yana haushi.

A faifan Karajan na 1984, wanda kamfanin EMI ya fitar, da okestirar Biyana da Anne-Sophie Mutter a kan biyolin, karen baya haushi, kwance yake. Kar a fahimce ni ba daidai ba, Mutter gwana ce, lokacin ba ta wuce shekara 21 ba kuma tun tana yarinya 'yar 13 Karajan ya gano ta, sautinta mai kauri ne mai sheƙi babu inda ta yi tuntuɓe. Matsalar ita ce komai an shafe shi ya yi sumul, makaɗan sun yi yawa, kowane sauti an ja shi an rawar da shi har ya haɗe da na gabansa, sai ka ji lokacin zafi da na sanyi duk ɗanɗanonsu ɗaya, kamar kunun tsamiyar da aka cika wa sukari da madara har ka daina jin tsamiyar. Zai yi maka daɗi idan kana aiki kana so wani abu na tafiya a baya. Amma idan zama za ka yi ka saurara, kafin a kai rabi hankalinka ya tafi wani wuri.

Na biyun shi ne na Il Giardino Armonico, 'yan Milan ne, sun kafu a 1985, Giovanni Antonini ne jagora, Enrico Onofri ke riƙe da biyolin, kamfanin Teldec ya fitar a 1994. Kai, wannan faifan! Su 'yan kaɗan ne, kuma kayan kiɗansu irin na zamanin Vivaldi ne, igiyoyin na hanjin dabba ba na ƙarfe ba, bakan da ake gogawa da shi ma ya fi gajarta ya fi sauƙi a hannu, shi ya sa sautin ke fita da kaifi ya yanke nan take maimakon ya yi ta jan jiki. A nan za ka ji karen, mai biyola, gogen da ya ɗan fi biyolin girma, yana daka igiya sau biyu sau biyu da gangan a ƙarƙashin waƙar makiyayin mai laushi, wallahi sai ka waiga. Hadarin da ke ƙarshen konceton lokacin zafi kuwa ba a magana, suna dukan igiyoyin ne ba shafa su ba, gudun kamar zai kuɓuce musu amma baya kuɓucewa. Farkon hunturu kuma sun mayar da sautin siriri mai ƙaiƙayi, babu daɗi a kunne ko kaɗan kuma haka ake so, mutum ne tsaye cikin ƙanƙara yana karkarwa, sai kwatsam a shiga kashi na biyu inda ake zaune gefen wuta ruwa na sauka a waje, makaɗan suna tsinkar igiya da yatsa ɗis ɗis ɗis.

Akwai abin da zan faɗa dai saboda adalci. Wani lokacin suna wuce gona da iri, su yi ƙasa da murya har ka ƙara sauti sannan su fashe maka a kunne, su tsaya cak inda ba ka zata ba, kuma wanda ya saba da Vivaldi mai laushi zai iya cewa wannan ai faɗa ne ba kiɗa ba. Na yarda akwai wuraren da Onofri ke jan lokaci fiye da yadda ya kamata. Idan haka ya maka yawa nemi na Trevor Pinnock da The English Concert na 1982, Simon Standage ne a biyolin, shi ma tsofaffin kayan kiɗa ne amma da natsuwa. Ni dai na Milan ɗin nake komawa. Vivaldi limamin coci ne a Benis da ya shafe shekaru yana koya wa 'yan mata marayu kiɗa a gidan Pietà, ƙaramin rukuni yake rubuta wa, kuma da ƙaramin rukuni ne kake jin kowa da abin da yake faɗa.

To yanzu ga inda Karajan ya ci tuta. Konceton chelo na Antonín Dvořák, chelo shi ne babban gogen da ake kafawa a ƙasa a riƙe tsakanin gwiwoyi, Mstislav Rostropovich ne ke kaɗawa, okestirar Berlin, kamfanin Deutsche Grammophon, an naɗa a watan Satumba 1968 a cocin Jesus-Christus da ke Berlin. Duk abin da na yi ƙorafi a kansa a sama, kaurin sauti da jan numfashi da yawan makaɗa, a nan shi ake nema. Shekara 170 ne fa tsakanin kiɗan biyu, zamanin Dvořák okestira ta girma, ga ƙahonni ga kakaki ga ganguna, kuma kiɗan kansa na begen gida ne da ciwon zuciya. Ya rubuta shi ne a New York tsakanin 1894 da 1895 lokacin yana shugabantar makarantar kiɗa a can, hankalinsa duk yana Bohemiya, ƙasar Cek ta yau.

Chelon baya shigowa da wuri, sai an yi minti uku da wani abu okestira kaɗai ke magana, kuma a cikin wannan jiran ne mai busa ƙaho yake kawo wata waƙa a hankali, Karajan ya ba shi fili bai hanzarta shi ba, duk lokacin da na zo wurin sai na ajiye abin da ke hannuna. Sannan Rostropovich ya shigo da ƙarfi kamar mai shigowa gidansa. Abin da ya fi burge ni a wajensa ba ƙarfin ba ne ma, yadda yake iya yin ƙasa ƙasa ne har sautin ya kusa ɓacewa amma yana nan da jiki, kuma okestira mai mutum da yawa haka ta sauko tare da shi ba ta rufe shi ba, wannan aikin madugu ne.

Akwai labari a cikin kiɗan da idan ka sani sauraron zai canja. Dvořák yana saurayi ya so Josefina, ba ta karɓe shi ba, daga baya ya auri ƙanwarta Anna. Yana New York ya samu labarin Josefina ba ta da lafiya, sai ya saka wata waƙarsa da take so a kashi na biyu. Ya koma gida a 1895 ta rasu a watan Mayu, sai ya sake rubuta ƙarshen konceton ya dawo da waƙar nan a hankali kafin a rufe. Abokinsa Hanuš Wihan mai chelo ya so a ba shi wuri a ƙarshen ya nuna gwaninta, Dvořák ya ƙi fir. Ka saurari mintunan ƙarshe a faifan nan za ka gane dalili, Rostropovich baya neman tafi a wurin, rakiya yake yi.

Kuma shekarar ma tana da nauyi. Ranar 21 ga Agusta 1968, ranar da duniya ta wayi gari tankokin Tarayyar Sobiyet sun shiga Prague, babban birnin 'yan Cek, Rostropovich ɗan Sobiyet yana Landan ya kaɗa wannan konceton na ɗan Cek tare da okestirar Sobiyet, mutane na zanga-zanga, shi kuma yana kaɗawa da hawaye. Wata guda bayan haka aka naɗi faifan nan. Ba zan ce ina jin tankoki a ciki ba, amma mutumin da ke kaɗa kashi na biyun nan ba wasa yake ba.

Ta ɓangaren naɗi, tsohon tef ne, idan ka saka iyafis mai kyau za ka ji ɗan shuuu a wuraren shiru, kuma an matso da chelon gaba fiye da yadda za ka ji shi a zauren kiɗa, ni bai dame ni ba. Nemi bugun da ke cikin jerin The Originals na Deutsche Grammophon, sautin ya fita tas. Duka ukun suna Spotify da Apple Music, na Vivaldi biyun yanzu a ƙarƙashin Warner Classics suke, sai dai ka rubuta sunan makaɗan tare da na Vivaldi in ba haka ba ɗaruruwan naɗi ne za su fito maka ka rasa na ɗauka. Don Allah kar ka saurare su da sifikar waya, rabin chelon a ƙasa yake kuma wayar ba ta iya fitar da shi, sauke su in ka samu data mai arha ka saka iyafis da daddare bayan an kashe janareta.

A faifan Dvořák ɗin akwai ƙari, Rococo Variations na Tchaikovsky, kusan minti 20, kiɗa mai sauƙi da fara'a wanda Tchaikovsky ya yi yana waiwayen zamanin Mozart. Rostropovich ya kaɗa shi da kyau sosai, amma kar ka bari ya biyo bayan Dvořák kai tsaye, tsayar da faifan ka bar shi sai wata rana.